Hatimin Sarki, Bakin Sarki

Turawa suna da wata al'ada ta tara takardun da sarakuna suka sa wa hannu, har sukan saye su da kuɗi masu yawa. Mu kuwa sarakunanmu na dā ba sa hannu suke yi ba. Magatakarda shi ke rubutawa da Larabci, sa'an nan a buga hatimi. Da yake galibin wasiƙun nan ba su da kwanan wata, hatimin shi ke nuna a zamanin wa aka yi su.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ƙaramin abu ne. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu. A 1885 Joseph Thomson ya zo Wurno, ya karɓi takardar alkawari daga Sarkin Musulmi Umaru. Kamfanin da ya aiko shi ya ce wai an sallama masa ƙasa, Sakkwato ta ce izinin ciniki kaɗai ta bayar. Duk da haka, da irin takardun nan Ingila ta kafa hujja gaban Faransa da Jamus.

Da aka ci Sakkwato a 1903, sai Turawa suka iske tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Backwell ya juya waɗansu da Turanci, aka buga a Ikko a 1927. A ciki akwai ta Sarkin Kano Alu, yana ba da shawarar a yi hijira. Ba domin takardar ta tsira ba, da wa zai san abin da ke zuciyarsa?

To, mu ma nan Gwarzo da Kabo ba mu rasa rabonmu ba. Tun zamanin Sarki Abbas (1903-1919), da hakimai suka fita suka zauna a ƙasashensu, takardun fada suka riƙa zuwa, na naɗin dagatai, da na haraji, da na jangali. Wadda gara ta ci ta tafi ke nan, ba mai mayar da ita. Saboda haka duk ma'aikacin da ya gāji irinsu, kada ya sayar, kada ya yanke hatimin. Ya nisanta su daga danshi, ya nuna wa ma'ajiyar tarihi ta Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ta Kaduna. Baki yakan manta, takarda ba ta mantuwa.