Ciye-ciye da ƙiba

Ciye-ciye shi ne cin ƙananan abubuwa tsakanin manyan lokutan abinci, kamar cincin, fanke, biskit, alewa da lemon kwalba, wato kayan ƙwalam da maƙulashe. Ƙiba kuwa taruwar kitse ce a jiki har ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga babban mutum cikin masu ƙiba idan ma'aunin BMI, mai auna nauyi da tsayi, ya kai 30. A 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita.

Ba kowane ciye-ciye ke jawo ƙiba ba, abin da aka ci da yawansa su ne magana. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci ko sukari kuwa 4, shi ya sa soyayyen abu ke saurin tara teɓa. Lemon kwalba ma yana ɓarna, domin mai shansa ba ya jin ƙoshi, sai ya ci tuwonsa cikakke a kai. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2019 ya nuna masu cin abincin masana'anta sun ƙara kusan kalori 500 a rana. Gwanda, goba, kankana da 'yar gyaɗa kaɗan sun fi dacewa da ciye-ciye.

Ƙiba tana share fagen ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya, ga shi har yanzu wasu na ɗaukarta alamar hutu. Don rage wannan matsala, Najeriya ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021.