Waiwaye: Tafiyar Yafiya a Kudancin Kano

Tun ba a aza tubalin coci ko ɗaya a ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ba, yafiya na nan a bakin kakanninmu Maguzawa. In saniya ta faɗa gonar dawa ta yi ɓarna, dattawa ne ke zama gindin tsamiya su kashe wutar, mai laifi ya durƙusa, a ce a bar wa zumunci. Mai barin duniya ma sai ya nemi a yafe masa. Sai dai ƙarfin wannan yafiya a cikin dangi yake, da wuya ta tsallake dangar gida.

A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar birni saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Almajiransa, Isawa, suka watse, wasu Ningi, wasu ƙasar Zazzau. Da zuriyarsu ta iske ɗan mishan Dokta Walter Miller a Zariya a 1913, karatun Linjila suka zo nema, ba diyyar malaminsu ba. Garin da aka kafa musu a Gimi ciwon barci ya ɗaiɗaita shi, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa.

A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, kuma a ganinmu nan ne babbar mararraba. Masu fassara ba su ƙago baƙin kalmomi ba. Gafara suka ɗauka, da alheri, da jinƙai, waɗanda maƙwabci Musulmi ke furtawa safe da yamma. Sabon abu shi ne nisan da aka ce su kai: har ga maƙiyi, har ga wanda bai nemi afuwa ba, domin kai ma kyauta aka yafe maka.

A shekarun 1930 Turawan mulki suka sassauta wa 'yan mishan, ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo ƙasar Kano ta ƙofar jinya, har da ta kutare a Yadakunya. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, daga shekarun 1970 kuma Maguzawa suka riƙa shiga coci gida-gida. A cikin gida aka fara gwada wannan koyarwa ta yafiya. Wanda ya bar tsafin gidansu na iya wayar gari surukai sun janye matarsa, baffa ya hana shi gonar gandu. Da damina ta faɗi, ga shi ya saɓa garma ya tafi gayyar noman baffan nan. Mu da muka tashi a ƙauyukan nan, a bakin tsofaffi muka ji irin wannan, su kuwa ba su taɓa ɗaukarsa abin alfahari ba.

Zamani mai nauyi ya biyo baya. Tarzomar Kano ta Oktoban 1991 a birni ta tsaya, amma ta Satumban 2007 a Tudun Wadan Dankadai ta shigo har ƙofar gida: zargin ɓatanci a wata makaranta, aka ƙona coci-coci da shaguna, aka rasa rayuka. Daga nan yafiya ta ƙara tsada. Matasa suka fara tambaya a fili ko yafewa na nufin a manta, kuma tambayar tana kan hanya, don wanda ya yafe bai zubar da haƙƙinsa na neman adalci ba. Ana yawan kawo misalin Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, ya dawo yana aikin sulhu kafaɗa da kafaɗa da Imam Muhammad Ashafa.

Tamu yafiyar ba ta da suna irin nasu. A Kwanar Dangora ake ganinta, inda matar da ta taɓa gudu da goyo cikin dare ke auna wa mutanen unguwar da ta baro masara, ta cika tiya har ta yi tozo, ta kuma tambayi lafiyar yara.