Daga Majalisar Dattawa Zuwa Kujerar Bishop: Tsarin Shugabanci a Farkon Kiristanci

Lokacin da tawagar Kiristocin Najran ta zo wajen Manzon Allah (SAW) a Madina, malaman sira sun ambaci jagororinta uku: Aƙib, mai shawara da zartarwa, da Sayyid, mai kula da sha'anin tafiya, da Abu Harisa ɗan Alƙama, malaminsu kuma uskufinsu, wato bishop. Wannan muƙami na ƙarshe yana da tarihi mai tsawo, domin mabiya Annabi Isa (AS) ba da shi suka fara ba.

Bisa ruwayar Kiristoci a littafin Ayyukan Manzanni, jama'ar farko a Ƙudus tana hannun Hawariyawa ne tare da dattawa, kuma Yakubu shi ne babbansu. Da aka yi saɓani kan wajabta kaciya ga waɗanda ba Yahudawa ba, zama aka yi aka yanke hukunci, wajen shekara ta 49 Miladiyya. A sauran garuruwa kuwa, kowace jama'a tana da dattawanta da masu hidimarta. Kalmar da ta zama bishop, asalin ma'anarta a Girkanci mai sa ido, kuma rubuce-rubucen farko ba su rarrabe ta da dattijo ba. Haka take a wasiƙar da aka jingina wa Kilamanta na Rum wajen shekara ta 96, wadda ta tsawata wa mutanen Korinti saboda tuɓe dattawansu.

Wajen shekara ta 110 sai Ignatiyus na Antakiya ya dage kan cewa kowane gari ya zama da bishop ɗaya, dattawa da masu hidima suna ƙarƙashinsa. Dalilinsa shi ne tsoron rarrabuwa, domin ƙungiyoyi masu aƙidu mabambanta sun yawaita, kowace tana da'awar gadon Hawariyawa. Wajen shekara ta 180, Iraniyus ya ƙara wata hujja: ya jero sunayen bishop-bishop na Rum tun daga Hawariyawa, don nuna cewa koyarwa ta zo hannu da hannu. Ɗalibin Hadisi zai ga kama da isnadi, sai dai wannan silsila ta masu riƙe kujera ce, ba ta masu ruwayar lafazi ba.

Bayan da Sarki Kustantin ya ɗage tsanani a kan Kiristoci a shekara ta 313, kujerar ta haɗu da ƙarfin daula. Shi ya kira taron Nikiya a shekara ta 325, wanda ya tabbatar da fifikon Rum da Iskandariya da Antakiya a kan yankunansu. Daga baya Kustantiniya da Ƙudus suka shiga sahu.

Wannan tarihi yana da sawu a ƙasar Hausa. 'Yan mishan na Angilikan, waɗanda Dakta Walter Miller ya kafa wa zama a Zariya a 1905, da tsarin bishop suka zo. Ɗarikar ECWA, wadda aka kafa a 1954, majalisun dattawa da zaɓaɓɓun shugabanni ne ke tafiyar da ita. A 2023 kuma Katolika suka ba Katsina bishop nata, Gerald Mamman Musa, wanda ƙasar Daura, har da Zango, ke cikin yankinsa. Kowane ɓangare yana kafa hujja da ƙarnin farko: waɗannan da silsilar kujera, waɗancan da zaman dattawa.

Saboda haka malamin da aka gayyata sulhu ko tattaunawa da maƙwabta Kiristoci yana bukatar sanin wanda ke gabansa. A wata ɗarikar maganar bishop tana ɗaure mabiyansa, a wata kuwa fasto ba ya yanke hukunci sai majalisa ta zauna. Yarjejeniyar da aka ƙulla da wanda ba shi da ikon ƙullawa ba ta daɗewa. Allah ne mafi sani.