Daga 'Yan Taru zuwa FOMWAN

Jiya a wajen ɗaurin aure wani abokina ya ce duk macen da ka ji tana maganar haƙƙin mata, to Turawa ne suka ɗauki nauyinta. Ban tanka ba saboda akwai manya a wurin, amma maganar ta kwana tana cina.

Jama'a, bari mu ɗan waiwaya. Tun kafin Bature ya ci Sakkwato a 1903, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jajin ce ke jagorantar mata su zo wurinta ɗaukar karatu, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su koma gida su koyar da waɗanda aure ya hana fita. Ba sa zuwa hannu rabbana: hatsi, zuma, man shanu, duk sukan kawo, ita kuma ta rabar wa mabuƙata. Makaranta ce, gidauniya ce, kuma mace ke riƙe da ita. Da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba.

Mu tsallako zuwa 1985. A watan Yulin shekarar aka yi taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, kowa na magana da yawun mace Musulma, ita kuwa ba ta da wata inuwa guda da za ta amsa da bakinta. A watan Oktoba ƙungiyoyin mata Musulmi suka haɗu a Minna suka kafa FOMWAN, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amira ta farko.

Na san nan abokina zai yi tsalle: ai ga ta nan, Baturiya ce! Gaskiya ne a Ingila aka haife ta. Amma ta musulunta a 1961, ta zo Kano koyarwa a 1966, ta auri Sheikh Ahmad Lemu, ta shafe fiye da shekara 50 a ƙasar nan har ta rasu a Minna a 2019. Da yawanmu ma littattafanta muka karanta a darasin addini a sakandare.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabararsu. Ba su tsaya jayayya kan kalmomi ba. Makarantu suka buɗe, da asibitoci, da ajin yaƙi da jahilci, sannan suka ce a ba mace abin da Shari'a ta riga ta ba ta: gadonta, sadakinta, zaman idda a ɗakinta, iliminta. Wa zai ce wannan baƙon abu ne? Kuma ƙungiyar ta kai har jihohin da Musulmi ke tsiraru, inda Musulma kan rasa wanda zai tsaya mata. Mata a Ghana da Saliyo ma sun kafa irinta.

Ɗaya daga cikin Amirorinsu, Hajiya Bilkisu Yusuf, ta yi editan Sunday Triumph da New Nigerian a lokacin da ba a saba ganin 'yar Arewa a wannan kujera ba. A Mina ta rasu, cikin turmutsutsun aikin Hajjin 2015. Allah ya jiƙan su baki ɗaya.

Shi kuwa abokin nawa, na san akwai gonar gado a gidansu da har yau ba a fitar wa 'yan'uwansa mata kasonsu ba. In mun haɗu ranar Juma'a, daga nan zan fara.