Daga Cokalin Récamier zuwa Sirinjin Karman: Tarihin Wankin Ciki da Yadda Ya Iso Bakin Iyaka

Wanda ya fara raɗa wa aikin suna "wankin ciki" ya yi wa masu jinya alheri, domin sunan ya fi aikin taushi. Kunne idan ya ji wanki, ruwa da sabulu ke zo masa a rai. Abin da likitoci suka shafe sama da shekara ɗari suna yi da wannan suna kuwa kankara ne: a buɗe bakin mahaifa da sandunan ƙarfe, a zura wani ɗan cokali mai dogon mariƙi, a kankare bangon mahaifar daga ciki har sai abin da ya maƙale ya fito. A takardun asibitocin Najeriya harufa biyu ake rubutawa, D da C, na farko yana nufin buɗewa, na biyu kankarewa. A tsallaken iyaka, a asibitocin Kandi da Malanville na Jamhuriyar Benin, sunan Faransanci ake kiransa da shi, kuma daga Faransar ne aikin ya samo asali.

Dalilin da ya fi kai mace ga wannan aiki shi ne ɓari. Wani jerin nazari da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na cikin da aka tabbatar da shigarsa yana ɓarewa, wato kusan ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara. Kusan rabin waɗanda ke faruwa a watanni ukun farko daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, abin da ba ɗaukar tulu ko daka ko bakin kishiya ya jawo ba. Galibi mahaifa kan fitar da komai da kanta. Idan wani yanki na mabiyiya ya saura, mahaifar ba ta iya tsukewa ta danne jijiyoyin jininta, sai jini ya yi ta zuba. In kuma aka daɗe, abin da ya saura ya ruɓe, zazzaɓi ya shigo, guba ta bi jini.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin wahalar gane abin da ya fito daga mace a irin wannan hali, domin idda da jinin biƙi sun rataya a kansa. Masu sharhin Muhtasar sun kawo gwajin da ɗaliban zaure suka sani: a zuba wa gudan jinin ruwan zafi, in bai narke ba, to ciki ne ya faɗi. Tambayar malamai ita ce me ya fito. Tambayar da ta dami likitocin ƙarni na 19 kuma ita ce me ya rage a ciki, da yadda za a kai gare shi ba tare da an tsaga mace ba.

Joseph Récamier, likita a asibitin Hôtel-Dieu na birnin Paris, shi ne ya shigo da cokalin kankarar mahaifa a shekarun 1840, don cire tsiron da ke sa wasu mata yawan zubar jini. Ya zo kafin lokacinsa, kuma matan da aka gwada abin a kansu su suka biya farashin. Mai aikin ba ya ganin inda ƙarfensa ke tafiya, da lalube yake yi, mahaifar da ta ɗauki ciki kuwa laushi gare ta kamar nunanniyar gwanda. An huda wasu, wasu kuma ƙarfen da ba a dafa ba ya kai musu cuta har cikin jini. Takwarorinsa da dama suka yi tir da aikin, aka jingine shi shekaru.

Abubuwa uku suka dawo da shi. An nuna amfani da maganin sa barci a tiyata a Boston a 1846, shekara guda bayan haka James Young Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinburgh. A 1847 ɗin ne kuma Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci da ɗalibai a Vienna wanke hannu da ruwan kulorin kafin taɓa masu haihuwa, mace-macen zazzaɓin jego suka faɗi warwas, duk da cewa sai da Joseph Lister ya buga sakamakon aikinsa a 1867 kafin duniyar tiyata ta fara yarda da batun ƙwayoyin cuta. Na ukun shi ne maganin ƙofar kanta. Bakin mahaifa a tsuke yake, kuma tura ƙarfe da ƙarfin tsiya yaga shi yake yi. Alfred Hegar na Freiburg a Jamus ya fito da jerin sanduna masu santsi a 1879, kowace ta ɗara ta bayanta kauri da kaɗan, ana sa su bi da bi har ƙofar ta buɗe. Wanda ya leƙa farantin kayan aiki a ɗakin tiyatar mata na kowane babban asibiti a Arewa yau zai tarar da su, kuma da sunan Hegar ake kiransu har gobe.

A farantin nan akwai wani suna da ya kamata a tsaya a kansa. Ɗaya daga cikin cokulan kankara da kuma ƙarfen buɗe gaba suna ɗauke da sunan J. Marion Sims, Ba'amurken da ya gano hanyar ɗinke yoyon fitsari ta hanyar yi wa bayi mata baƙar fata tiyata a kai a kai, ba tare da maganin barci ba, a Alabama tsakanin 1845 da 1849. Sunayen uku daga cikinsu sun tsira a tarihi: Anarcha da Betsey da Lucy. An cire gunkinsa daga wani dandali a New York a 2018. Matan da ake yi wa gyara a cibiyar yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi da ta Babbar Ruga a Katsina suna cin gajiyar ilimin da aka fara tarawa a jikin waɗannan bayin Allah.

Yayin da Turai ke kammala kayan aikinta, a daidai lokacin take yanka ƙasar da Kende ke cikinta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta raba ƙasar Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan da ke auratayya da cin kasuwa ɗaya suka wayi gari ƙarƙashin dokoki biyu da tsarin asibiti biyu. Likitancin Turawan mulki da farko na sojoji ne da ma'aikata, kuma an taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, don haka kula da lafiyar mata ya makara ƙwarai a wannan yanki. Asibitin Birnin Kebbi da ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya sai a 1952 aka buɗe shi. Wankin ciki irin na Récamier da Hegar yana bukatar likita, da ɗakin tiyata, da mai ba da maganin barci, da tukunyar dafa ƙarfe. A ƙauyukan bakin Kwara, inda ungozoma da jiƙe-jiƙen sassaƙe suke ne kaɗai a kusa, aikin labarin birni ne.

Girman giɓin ya fito fili da aikin Kelsey Harrison a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Tsakanin 1976 da 1979 shi da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fi fitowa shi ne tazarar da ke tsakanin matan da suka yi awo da waɗanda aka kawo a gigice bayan abu ya ɓaci. A cikin na biyun ne mutuwa ta yi katutu. Wannan bincike na cikin abubuwan da suka share fagen taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan iyaye mata. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka tsara bayanin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Wata tawagar masu bincike daga Sakkwato ta gwada maganin biyu daga ciki a sabuwar Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991: inganta sashen gaggawa na masu haihuwa a asibitin jiha, da haɗa kai da ƙungiyar direbobi don ɗaukar mata in ta kama. An buga rahotanninsu a 1997.

Duk wanda ya san Ƙaramar Hukumar Bagudo da damina ya san ma'anar jinkiri na biyu. Ƙasa ce ta fadama da shinkafa, inda ambaliya irin ta 2020 kan mayar da hanyar mota ta kwale-kwale. Jinkirin farko kuwa a cikin gida yake. Cikin wata biyu ko uku abu ne da ake ɓoyewa, musamman na fari, saboda kunya da tsoron baki; macen da ba ta faɗa wa kowa tana da ciki ba, da wuya ta tashi gida cikin dare ta ce ya ɓare. Akwai kuma tsohuwar fahimtar kwantaccen ciki, wadda ke da gurbi a fiƙihu har ta shiga hujjojin da aka kawo a shari'ar Amina Lawal a Katsina a 2003. Idan ɗan tayi ya mutu bai fito ba, alamun ciki suka ɗauke, sai a ce ya kwanta, a zauna jiran tashinsa. Na'urar hoton ciki kan warware wannan cikin minti biyar, in akwai ta kusa.

Abin da ya karya ikon cokali daga ƙasar Sin ya fito. A 1958 likitoci biyu a Shanghai, Wu Yuantai da Wu Xianzhen, suka buga bayanin zuƙe abin da ke cikin mahaifa da ƙarfin iska maimakon kankarewa. A farkon shekarun 1970 Harvey Karman, Ba'amurke wanda ko likita ba shi ba ne, ya ƙera siririn bututun roba mai lanƙwasa wanda ba ya saurin huda mahaifa. Aka haɗa shi da babban sirinji mai ɗaukar mililita 60, ƙungiyar Ipas da aka kafa a 1973 ta ɗauki nauyin ƙera shi da yaɗa shi. Wannan shi ne abin da ma'aikatan jinya ke kira MVA. Ba ya bukatar lantarki ko ɗakin tiyata, allurar kashe zafi a bakin mahaifa ta wadatar, jinin da ake asara bai kai na kankara ba, kuma ungozomar da ta samu horo tana iya yinsa. Sai ga ƙwayar misoprostol, wadda aka ƙera don gyambon ciki, aka gano tana sa mahaifa ta matse ta fitar da abin da ya saura. Najeriya ta yi mata rajista a 2006 don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna don ɓarin da bai kammala ba a 2009. Zuwa 2012 hukumar ta bayyana kankara da cokali a matsayin tsohon yayi da ya kamata a maye gurbinsa. Manufar raba ayyuka da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014 ta buɗe ƙofar miƙa wasu ayyukan likita ga ungozomomi da jami'an lafiya na karkara, inda likitan ba ya nan.

Sai dai kayan da ke ceton mai ɓari su ne kuma ake zubar da ciki da su, kuma wannan inuwa ta bi aikin duk inda ya je. Sashe na 232 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya jawo zubewar ciki, sai in don ceton ran uwar ne. Dokar ba ta hana kula da macen da cikinta ya riga ya ɓare ba, kuma taron Alƙahira na 1994 ya amince cewa duk macen da ta zo da matsala bayan zubewar ciki tana da haƙƙin a kula da ita, ko ta yaya abin ya faru. Amma zargi ba ya karanta doka: bazawara ko budurwar da aka kawo tana zubar jini takan sha tambayoyi kafin ta ga magani. A Benin kuwa majalisa ta faɗaɗa dokarta a Oktoban 2021, ta halatta zubar da ciki har mako 12 bisa wasu dalilai, duk da adawar shugabannin addini. Ministan Lafiya Benjamin Hounkpatin, wanda shi kansa likitan mata ne, ya kafa hujja da cewa kusan mata 200 ke mutuwa a ƙasar duk shekara ta hanyar zubar da ciki a ɓoye. Layin da aka ja a 1898 yanzu ya raba 'yan uwan juna tsakanin dokoki biyu da suka yi hannun riga.

Ɓarnar da ta fi tafiya a ɓoye ita ce wadda taushin sunan ya haifar. Tunda wanki ne, sai aka ɗauka mahaifar da ta ƙi ɗaukar ciki datti gare ta, kuma ba a rasa masu ɗakunan magani da ke karɓar kuɗin matar da gorin rashin haihuwa ya isa, su "wanke" ta, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kankara ba ta maganin rashin haihuwa, tana iya jawo shi ma. Idan cokali ya wuce shimfiɗar sama ya ci tushen da bangon mahaifa ke sake tsirowa daga gare shi, sai ɓangarorin biyu su manne da tabo. Heinrich Fritsch ya fara bayyana haka a 1894, Joseph Asherman ya yi cikakken bayaninsa a 1948, cutar ta ɗauki sunansa. Alamarta ita ce al'ada ta ragu sosai ko ta ɗauke bayan wankin ciki, gyaranta kuma sai da na'urar leƙa cikin mahaifa, wadda sai a manyan asibitoci ake samu.

Cokalin bai bar farantin gaba ɗaya ba. Macen da jini ya dawo mata bayan ta daina al'ada tana bukatar a ɗebo ɗan yanki daga bangon mahaifarta a kai ɗakin gwaji, domin hakan na iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa. A inda babu siririn bututun ɗaukar samfuri, ko bakin mahaifar ya ƙi buɗuwa, likita kan koma ga sandunan Hegar da cokalin Sims, a ɗakin tiyata, mace tana barci.