Shin Siyasa Ta Tsofaffi Ce Kaɗai?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi mai saurarenmu. Ya ce ɗansa ya tubure sai ya tsaya takarar ɗan majalisar jiha, alhali shekarunsa 26 kacal. Shin doka ta yarda? Kuma an taɓa yin yaro ya yi abin kirki a siyasar ƙasar nan?

To malam, gyara zama ka sha labari. Ran 8 ga watan Agusta na 1950 wasu mutum takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda talakawa suka fi sani da Sawaba. Cikinsu akwai Maitama Sule da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, dukkansu ba su wuce 'yan shekara ashirin ba. Shi kansa Malam Aminu Kano, da ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya zo ya same su, shekarunsa 30 ne. Me ya tayar da su? Haraji da jangali da aikin tilas, wato abubuwan da suka addabi kakanninmu a ƙauye. A Zariya kuma Gambo Sawaba ta shiga gwagwarmayar tana 'yar shekara 17, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kan neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a. Ba a ba su damar ba sai 1976. Shi ko Maitama Sule, bayan ya koma NPC, ya zama minista a 1959 yana ɗan shekara 30.

Amma fa tarihi ba ya ɓoye gaskiya. A zamanin nan ne kuma aka fara ɗaukar samari a ba su gora da wuƙa don su tarwatsa taron abokan hamayya. Tun daga lokacin hanya ta rabu biyu: ga matashi mai tsayawa ya yi magana da bakinsa, ga wanda ake hayarsa ya zama ɗan banga. Na farko ya bar suna. Na biyu kuwa, in zaɓe ya wuce, ko a ƙofar gidan maigidan nasa ba a barinsa ya tsaya.

A 1979 tsarin mulki ya sauko da shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. A shekarar ce Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano yana da shekara 39. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya ce sai mai 40 zai nemi shugaban ƙasa, mai 30 kuma majalisar wakilai ko ta jiha. Ƙungiyoyin matasa suka yi ta kai gwauro suna kai mari a majalisu, har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran ran 31 ga Mayu, 2018. Shugaban ƙasa ya dawo 35, majalisar wakilai da ta jiha 25. Gwamna da sanata suna nan a 35. Ka ga ke nan ɗanka ya cancanta. A zaɓen 2023 ma Rukayat Shittu ta ci kujerar majalisar jihar Kwara tana da shekara 26.

To ina gizo ke saƙar? Wajen kuɗi. A 2022 jam'iyyar APC ta sa wa fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Ga kuɗin wakilan zaɓen fid da gwani, ga na yawon kamfe. Ɗan talaka buhu nawa na masara zai sayar? Na biyu, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a zaɓen 2023, kusan kashi 40 cikin ɗari matasa ne 'yan ƙasa da shekara 35, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wanda ya kwanta a gida ran zaɓe, ai ya bar wa mai jakar kuɗi fili.

Shawarata, malam, kada ka kashe masa gwiwa. Amma ka tambaye shi: me ya taɓa yi wa garinku? Ya taɓa shiga gaba a aikin gayya, ko neman taki, ko gyaran rijiya? 'Yan Sawaba ba su da kuɗi. Kasuwa-kasuwa suka bi, a ƙafa da kan keke, har jama'a suka san su. Ya fara daga mazaɓarsa, ya yanki katin jam'iyya, ya riƙa zuwa taro. Ku kuma manoma da 'yan kasuwa, in kun ga yaro nagari, ku mara masa baya. Taliya da sabulun da za a raba muku ba za su kai mako guda ba, kujerar kuwa shekara huɗu ce.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.