Rana, Laka da Taki: Wani Ɓangare na Tarihin Ƙasar Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Gobir sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Manufar wannan takarda ita ce mu dubi ƙasar da aka yi yaƙin dominta, ta fuskar ka'idoji biyu na ilmin muhalli.

Ka'ida ta farko ita ce ƙarfin rana hanya ɗaya yake bi. Gero da ciyawa su kama shi, dabba ta ci ciyawa, mutum ya ci dabba. Raymond Lindeman ya nuna a 1942 cewa ɗan kaɗan ne ke haye kowane mataki. Masana kan ƙiyasta shi da kimanin kashi 10 cikin 100. Sauran kuwa ya tafi ke nan, amma gobe rana za ta sake fitowa. Ka'ida ta biyu ita ce abincin da shuka ke zuƙa daga ƙasa zagayawa yake yi, kuma idan aka ɗebe ba a mayar ba, gona ta mutu. Wato rana kyauta ce, ni'imar ƙasa kuwa rance ce.

Hanyoyin Biyan Rance

Yawancin tudun wannan yanki jigawa ne, mara riƙe abinci. Ta hanyoyi huɗu magabata suka riƙa mayar masa da abin da suka ɗiba. Akwai laka, wadda Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare ke kwasowa daga gabas da kudu su shimfiɗa a fadamun Rima kowace damina. Akwai gawo, mai zubar da ganye da damina, ya taka gona ba tare da ya tare wa gero rana ba. Akwai saura, wato hutar da gona. Sannan akwai shanun Fulani, masu kiwo a daji irin su Gundumi, su sauka gonaki bayan kaka su ci kara da harawa, su bar taki. Saniya ita ce gadar da ke ɗauko abincin daji zuwa gona.

Shaidar Tarihi

Idan muka lura da wannan, ƙaurar Gobirawa daga arewa zuwa kwarin Rima a ƙarni na 18 ba za ta ba mu mamaki ba. Ruwayar baka ta nuna cewa Alƙalawa, wadda Sarki Babari ya mayar babban birninsa, a gonakin Alƙalin Zamfara aka kafa ta. Bayan faɗuwarta a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka koma Tsibiri, a bakin Gulbin Maraɗi. Daga can Ɗan Halima ya dawo ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Isa kuwa tana tsaye a bakin Bunsuru a ɓangaren Sakkwato. Sarauta ta sauya hannu, amma ba wanda ya yi nisa da fadama.

Tsinkewar Zagaye

A ƙarni na 20 hanyoyin nan suka riƙa toshewa. Ƙaruwar jama'a ta cinye saura, gonaki suka matse burtali. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, suka hallaka dabbobi da itatuwa. Madatsar Zobe a kan Karaduwa mai shiga Bunsuru, da ta Jibiya a kan Gada mai zama Gulbin Maraɗi, suka tare wani kaso na ruwa da laka tun daga sama. Daɗin daɗawa, takin zamani mai rahusa, musamman daga 1976, ya sa manomi ya ga kamar ba ya bukatar makiyayi, har kara ya zama abin sayarwa. Alhali takin buhu ba ya mayar wa jigawa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba, waɗanda su ne ke riƙe danshi.

Kammalawa

Ba mu ce wannan kaɗai ne ya haifar da ta'asar 'yan bindiga da ta kori dubban mutanen yankin zuwa jihar Maraɗi a 2019 ba. Akwai talauci, da rashin adalci, da yaɗuwar makamai. Abin da muke cewa shi ne, zumuncin manomi da makiyayi a kan bukatar juna aka gina shi, kuma da bukatar ta raunana, sai amana ta bi ta. Don haka duk sulhun da bai komar da saniya gona bayan kaka ba, ya bar rancen ƙasa ba a biya ba.